Zogalen da Na Tsare a Kango

Ran da tifa ta juye yashi a bakin kangon da ke bayan ɗakina, ina tsakar gida ina tankaɗe garin tuwo. Ƙasa ta girgiza har rariya ta kusa kuɓuce mini. Kaji suka watse, 'yata da ke barci a tabarma ta farka da ihu. Na saɓa ta a baya na ɗaure, na mirgina turmi zuwa gindin katanga, na kife shi, na hau na leƙa. Ga tulin yashi, ga lebura uku da shebur, ga wani dattijo da igiya a kafaɗa yana auna ƙasa da taku. Tuwon ranar ban san yadda na tuƙa shi ba.

Gidanmu a tsakiyar gari yake, tsakanin masallacin Juma'a da titin da ya wuce Ɗanbatta. Inna, mahaifiyar maigidana, ta sha ba ni labarin yadda wurin yake tun kafin a kawo ni. Da gidanmu da kangon duk gida ɗaya ne, na kakan maigidana. Marini ne, kuma a ƙofar gidan marinar take. Har yau idan ruwan sama ya wanke wurin ana ganin bakin ramukan, ƙasar ta yi shuɗi-shuɗi. Da rini ya mutu aka cike ramukan da toka, aka rataye sikelin gyaɗa a zaure. Inna ta ce da kaka jakuna sukan yi layi har bakin masallaci. Shi ma sikelin ya yi zamaninsa ya wuce. Da tsohon ya rasu aka raba gidan tsakanin 'ya'yansa maza biyu, aka ja katanga a tsaka, aka bar 'yar kafa ta wucewa aka sa mata zana. Surukina ya zauna a nasa rabon har Allah ya karɓi abinsa. Ƙanensa kuwa ya kwashi iyalinsa ya koma Kano, ɗakunansa suka riƙa zubewa, kowace damina da nata, har ya zama babu sai guntayen bango.

A nan matan layinmu suke shanya barkono da kuɓewa, a nan ake ɗaure awaki ranar kasuwa. Da aka zuba wa titi kwalta, shaguna suka cike ko'ina: mai gyaran babur, mai cajin waya, mai injin niƙa. Kangon kaɗai ya rage, kamar giɓi a baki. Kowa ya san ba zai daɗe a haka ba. Ni ce dai na ƙi yarda in sani.

Akwai abin da na ajiye a kangon nan.

Cikina na fari bai cika wata tara ba. Ana shirin mayar da ni gidanmu goyon ciki sai haihuwa ta zo, bakwaini, namiji, ɗan mitsitsi. Kwana huɗu ya yi. Ran na biyar da hantsi ungozoma ta karɓe shi daga hannuna, ba ta dawo mini da shi ba. Jariri irin wannan ba a kai shi maƙabarta a garinmu, a bayan gida ake sa shi. Ina kwance a ɗaki na ji ƙarar dagi ta bayan bango, can cikin kango. Na kasa kunne. Ba a daɗe ana haƙa ba, don ramin ba wani mai girma ba ne. Da na fara fitowa tsakar gida sai na lura tulun Inna mai tsagaggen baki babu shi a mazauninsa. Na gane shi aka fasa aka rufe ramin da shi.

Babu wanda ya nuna mini wurin, ni kuma ba zan tambaya ba. Ɗan fari ne. Ko da yana raye ba zan kira sunansa ba, ba zan ɗauke shi a gaban surukai ina yi masa wasa ba. To yanzu da wane ido zan dubi Inna in ce ina aka sa mini ɗana? Haka aka rene mu. Abin da na yi shi ne, da na gama wankan jego na shiga kangon da sunan tsintar kirare. Na tsaya daidai bayan ɗakina, na rufe ido, na tuno ta inda ƙarar ta fito. Na ga wani wuri da ƙasa ta ɗan lotsa, kusa da tsohon murhu. A gefensa na kafa reshen zogale, na ce na miya ne. Shekara uku ina ba shi ruwan randa, ba na wanke-wanke ba, har Inna tana cewa duk gidan nan babu ɗan gata kamar zogalen nan.

Wanda ya sayar da kangon ɗan ƙanen surukina ne, muna ce masa Yaya na Kano. Shi ya zo da mai sayen, wani Alhaji mai sayar da taki. Suka shigo gai da Inna da ƙullin goro da turmin atamfa. Ina bayan labule ina kallon bakinta, ina jira ta ce musu wani abu game da bayan gida. Ta tambayi lafiyar yaran Kano ɗaya bayan ɗaya, ta sa albarka, ta karɓi atamfa, suka tashi. Tun daga nan na fara zarginta. Na ce a raina atamfa ta rufe mata baki. Allah ya yafe mini.

Shi ma Yaya na Kano ban yarda da shi ba. Da na durƙusa na gaishe shi, waya yake dannawa, bai ɗago ba. Da suka zagaya kango na leƙa ta zana, na ga ya nuna wa Alhaji gaba, ya nuna masa gefen titi, amma bai taka zuwa baya ba, daga nesa ya miƙa hannu. Me ya hana shi ƙarasawa? Ko ya san wani abu? Ko ƙaya yake gudu saboda takalminsa? Kwana na yi ina juya wannan a raina.

Ran da aka juye yashin, da na kai wa maigidana abinci bayan magariba, na zauna nesa kaɗan ina sosa ƙasa da tsinke.

Na ce, "Malam, can baya fa. Ko'ina za su haƙa?"

Ya ce, "Gini ai sai da haƙa."

"Har gindin bango?"

Ya tsaya da lomar a hannu. Bai dube ni ba. Can ya ce, "Na yi wa Yaya magana. Ki bar zancen nan."

Wace magana ya yi masa? Ya faɗa masa wurin, ko dai ya ce a yi a hankali kawai? Ban iya tambaya ba, shi ma ba zai iya faɗa ba, don kunyar da ke kaina tana kansa. Ya wanke hannu bai cinye ba, ya fita masallaci tun ba a kira isha ba.

Washegari suka fara. Dattijon nan shi ne magini. Ya kafa turaku, ya ɗaure igiya, wani lebura yana bin igiyar yana zuba toka, layi-layi, har kangon ya koma kamar allon da aka zana. Wani layin ya bi ta gefen zogalena, tsakaninsu bai fi tafin hannu ba. Na hau turmi na sauka ya fi sau ashirin. Wake ya ƙone a tukunya. 'Yata ta ci ƙasa ban gani ba, sai da Inna ta kwaɗa mini kira.

Da rana ta take, maginin ya zo gindin katanga shan inuwa. Bai ɗaga kai ba ya ce, "'Yar nan, tun safe nake ganin kanki yana fitowa yana nutsewa kamar na ƙadangare. Ko wani abu muka ɗaukar miki?"

Na gyara mayafi na ce, "Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa. Faɗi abin da ke bakinki."

"Zogalen nan ne, Baba. Don Allah kada a taɓa shi. Kada kuma a haƙa gindinsa."

"Zogale? Garin nan ai zogale ya fi mutane yawa. Me ke gare shi?"

"Na miya ne."

Leburorin suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Baba, wannan miya sai mun ɗanɗana. Ƙila da ita ake zuwa Makka." Wani ya ce a tona gindin, ƙila tukunyar zinariya ce. Da jin kalmar tono, na yi wuf na ce, "Wallahi babu komai." Na rantse a kan ƙarya, har yanzu ina istigfari a kanta.

Maginin ya dubi itacen, ya dubi layinsa. Ya ce, "Nan tsakar gidan baya zai faɗa, babu ɗaki a kansa. In matsar da igiya kamu ɗaya, Alhaji ba zai mutu ba. Shi ke nan? Ki sauka daga turmin nan kafin ki karye, a ce ni ne." Ya yagi bakin buhun siminti ya ɗaura wa zogalen alama.

Na yi godiya, na dama musu kunu na miƙa ta saman katanga. Amma ban sauka daga turmi ba. Mutumin da ya yarda da sauri haka, me ya sa? Ko so yake in daina leƙe su yi abin da suka ga dama? Idan lebura ya jingina shebur da zogalen sai in yi tari. Idan suka kwaɓa siminti kusa da shi sai in yi gyaran murya. Suka sa mini suna Mai Zogale. Da safe sai ka ji, "Mai Zogale ta hau aiki, kowa ya kama kansa." Inna tana jin su daga ƙofar ɗakinta, tana murza carbi, ba ta cewa komai. Shirun nan nata ya fi dariyarsu cin raina.

Cikin mako uku bulo ya tashi. Shago uku ta gaba, ɗaki ɗaya ta baya. Suka cire zanar nan suka toshe kafar da bulo, shi ke nan hanyata ta shiga kango ta rufe. Sai dai daga kan turmi ina hango zogalen da ƙyallensa yana kaɗawa. Na fara samun barci.

Ran kasuwar Ɗanbatta maigidana ya tafi da hatsi tun da safe. Na leƙa kamar kullum, na ga magini ya zana da'ira da toka can a kusurwar gabas, inda katangarmu ta haɗu da ta maƙwabta. Salga za a haƙa. Na auna da ido, daga nan zuwa zogale ya kai taku goma. Na yi hamdala. Har na ji tausayin kaina da na wahalar da kaina a banza. Mai haƙa ya iso da daginsa, na sauka na shiga ɗaki ina ninke wanki.

Ina tsaye a bakin gado na ji dagi ya sauka.

Ya sake sauka. Rigar da ke hannuna ta faɗi. Ƙarar nan na san ta. Ta nan ta shigo mini shekara uku da suka wuce, ta wannan gefen bangon, daidai inda kaina yake a kan matashi. Ashe idan aka bugi ƙasa a kusurwa, bango ne yake ɗauko ƙarar ya kawo ta bayan ɗakina. Duk haƙan da suka yi kusa da zogale ina kan turmi nake jin sa, ban taɓa ji daga ɗaki ba.

Na fito tsakar gida. Inna, wadda ciwon gwiwa ya sa take salla a zaune, na same ta tsaye da sandarta.

Ta ce, "Ke, a ina suke haƙa?"

"Salga ce, Inna. A kusurwar gabas."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ko takalmi ba ta nema ba. Ta fita ta zaure, ta zagaya ta lungu, ni ina binta da goyo, mayafi a karkace. Masu shaguna suna ta kallonmu, don an daɗe ba a ga Inna a waje ba. Muka shiga ta ƙofar shagon tsakiya, muna tsallake bulo da kwanon sarki.

Tun daga nesa ta ɗaga sanda. "Kai! Ajiye dagin nan! Ajiye shi na ce!"

Mai haƙan ya ja da baya. Ya riga ya kwashe shara da tokar da suka taru a sama, ya fara shiga jar ƙasa. Magini ya sauko daga kan katako yana cewa, "Lafiya, Inna? Me ya faru?"

"Wa ya ce ku taɓa nan?"

"Alhaji ne ya nuna. Salga ai a kusurwa take."

Inna ta tona ƙasar da aka fitar da bakin sandarta, ta turo wani tsingaro waje. Ta ce in miƙo mata. Na sunkuya na ɗauka. Bakin tulu ne, da tsagarsa, da zanen ɗan yatsa zagaye da wuya. Sau nawa na ɗebo ruwa da shi ina amarya. Na leƙa ramin. Sauran suna nan a kife yadda aka jera su, gefen ɗaya kawai dagi ya gutsure.

Inna ta ce, "Nan ne makwancin jariran gidan nan tun zamanin marina. Na surukata biyu. Na yarinyar nan ɗaya." Ta dafe sanda da hannu biyu. "Da nawa na fari."

Ban taɓa sanin Inna ta yi wata haihuwa kafin maigidana ba. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba.

Magini ya cire hula yana salati. Leburorin nan masu dariya kowa ya sunkuyar da kai. Can ya juyo gare ni ya ce, "Haba 'yar nan. Shi ne kika ce mini miya? Da cewa kika yi bayan gida, ai da na gane. Mu ma ba daga sama muka faɗo ba, bayan ɗakin tsohuwata akwai biyu. Da tun ranar na tambayi Inna, na kewaye wurin."

Inna ce ta amsa masa. Ta ce, "Da wane baki za ta faɗa? Ni da na tsufa, yau na fara faɗa."

Aka kira Alhaji a waya, ya zo a kan babur. Ya rantse babu wanda ya gaya masa. A gabanmu ya kira Yaya na Kano, ya buɗe muryar kowa yana ji. Yaya ya ce eh, an yi masa wata magana, amma da ya ji labarin an bar zogale saboda matar gidan, sai ya ɗauka nan ne wurin, magana ta ƙare. Da maigidana ya dawo da la'asar ya ce ƙarya ne, kusurwar gabas ya ce masa, da bakinsa, tun kafin a sa hannu a takarda. Har yau ban san mai gaskiya ba. Na dai san Yaya bai taka baya ba ran da suka zo, na kuma san zogalena ne ya ba shi abin faɗa.

Liman ya zo ya duba, ya ce a mayar da ƙasa a kewaye wurin. Magini da hannunsa ya mayar da tsingaron inda ya fito, bai bar lebura ya taɓa ba. Alhaji bai yi gardama ba, sai dai na ga yana ta auna kusurwar da ido, yana taɓe baki.

Saura salga. Dole a haƙa ta wani wuri, kuma tsakar gidan ba ta da faɗi. Da safe ina shara na ji an ƙwanƙwasa katanga.

"Mai Zogale, kina kusa?"

Na hau turmi na ce, "Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau. To, babu inda ya rage sai gindin mutuminki. Yaya za a yi?"

Na dubi itacen. Shekara uku ina yi masa magana a zuci, ina zuba masa ruwan sha. A ƙarƙashinsa babu komai sai tokar tsohon murhu.

Na ce, "Ku sare, Baba."

Ya miƙo mini rassan ta saman katanga ɗaya-ɗaya. Na tsige ganyen na dafa, na yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, na kai wa Inna. Ni ban iya ci ba. Ta ci loma biyu ta ce gishiri bai ji ba. Sai ta ce in zauna. Ta ce tun ran da aka kawo atamfar nan ta kira ɗanta ta ce ya je ya yi magana, ta ɗauka maza sun gama a tsakaninsu. Zogale kuwa, ta ɗauka son miya ne da gaske, ta ce yaran yanzu da kwaɗayi.

Ta ce, "Ni na yi aike, ke kin yi dashe. Duk cikinmu babu wadda ta faɗa." Ta tura mini kwanon. "Ci mana. Ke kika yi wahalarsa."

Na zaɓi reshe mafi kauri na kafa a namu ɓangaren, jikin katanga, daidai kusurwar gabas. Ya kama.

Yanzu shagunan sun buɗe. Ɗaya taki, ɗaya maganin feshi, na ukun tela ne. Kusurwar an kewaye ta da bulo jeri biyu, babu rufi. Na mayar da turmina can gindin sabon zogalen, daga nan ake hango ta sosai. Sau biyu na ga an jingina jarkokin feshi a kan bulon, na aika maigidana, aka kwashe. Wannan karon na faɗa masa da sunan abin, na ce a kan makwancin yara aka ɗora, ya dube ni kamar bai san ni ba, ya tashi ya tafi. Kwanan baya kuma matar tela ta ce ta ji Alhaji yana zancen ƙara ɗakin ajiya ta baya. Ta wane gefe? Ta ce ba ta sani ba. Ƙila ba ta sani ba ɗin.

Magini ya gama aikinsa ya koma wani layin. Garin namu kullum wani wuri ake haƙa. Duk ran da na ji dagi, ko daga ina ne, nakan ajiye abin da nake yi in shiga ɗaki, in tsaya a bakin gado in saurara ko bango zai kawo mini ƙarar.